Gosulo, aikin titi da gyaran bakin ruwa: wa ke shan ƙura, wa ke kwasar riba?

Duk birnin da yake da teku ko babban kogi a gefensa, in dai gwamnati ta ce za ta gyara bakin ruwan, to wallahi rigimar da za a yi kusan iri ɗaya ce ko a wace ƙasa ce. Hukuma za ta fito da hotuna masu kyau na kwamfuta, ga bishiyoyi ga yara na gudu ga jiragen ruwa na shawagi, su kuma masu shaguna da gidajen abinci za su taru su ce an rage mana layin mota, an cire mana wurin fakin, za a kashe mana kasuwa. Sai a shafe shekara biyu ana cacar baki a kan fakin. Ni kuwa a ganina fakin ɗin nan shi ne ƙaramin abu a cikin duk matsalar, abin da yake karya ɗan kasuwa da gaske yana wani wajen daban, kuma sai an bi maganar tun daga tushe za a gane.

Tambayar farko ita ce me ya sa ma bakin ruwan manyan birane ya zama kango har ake maganar gyara shi? Kwantena ce ta jawo. A watan Afrilun 1956 wani ɗan kasuwar sufuri a Amurka mai suna Malcom McLean ya loda kwantena 58 a wani jirgi da ake kira Ideal X daga Newark zuwa Hustan, daga nan harkar lodi ta canza gaba ɗaya. Kafin lokacin 'yan dako ne suke sauke kaya buhu-buhu, akwati-akwati, a tashoshin da suke tsakiyar gari, ga sito-sito birjik a gefe. Ita kuwa kwantena tana son ruwa mai zurfi da fili makeke da hanyar tirela, abubuwan da tsakiyar gari ba shi da su, dan haka sai tashoshin suka yi ƙaura. A Landan aka dinga rufe tashoshin cikin gari ɗaya bayan ɗaya tun daga shekarun 1960 har zuwa 1981, lodi ya koma Tilbury da Felixstowe. Aka bar ƙasa mai yawan gaske a kusa da tsakiyar birni ba mai amfani da ita.

To a daidai wannan zamanin ne kuma ake yayin gina manyan titunan mota a cikin birane, sai injiniyoyi suka duba suka ga ai babu wajen da ya fi sauƙin shimfiɗa titi kamar bakin ruwa, ƙasar ba tsada, ba gidajen manya da za a rushe, kuma hanya ce miƙaƙƙiya. San Faransisko ta gina gadar sama mai hawa biyu ta Embarcadero a 1959, Siyatil ta buɗe tata ta Alaskan Way a 1953, Faris ta shimfiɗa titi a gaɓar kogin Sen a 1967. Kaga kenan yau duk wanda zai gyara bakin ruwa abin da zai fara tararwa shi ne katangar motoci tsakanin gari da ruwan, ga kuma tsohon layin dogo a wasu wuraren. Mutum yana hango ruwa daga tagar ofis amma kafin ya isa da ƙafa sai ya tsallaka layi shida.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba saboda ya yi sauƙi da yawa. Shagon da ke tsakiyar gari kwastoma na zuwar masa ta gabas da yamma, kudu da arewa. Shagon bakin ruwa kuwa rabin kewayensa ruwa ne, kifi ba ya ciniki. Duk wanda zai zo ta gefe ɗaya zai zo, kuma galibi ta hanyoyi biyu ko uku kacal, ko ta gada. In an toshe ɗaya daga ciki, mai shago a tsakiyar gari zai ce yau ciniki ya ɗan yi ƙasa, na bakin ruwa kuwa sai ya yini yana kallon teku. Shi yasa gosulo a irin wannan unguwa ya fi ciwo, motar da ta shigo ba ta da wata mafita sai ta juyo ta inda ta shigo, ga motocin da ba ruwansu da unguwar wucewa kawai suke yi, ga tirelolin tashar lodi in har yanzu akwai sauranta, ga bas-bas na 'yan yawon buɗe ido da ke tsayawa inda suka ga dama, duk a bakin ƙofa ɗaya.

Abin da kowa ke fara cewa shi ne a faɗaɗa titi mana. An gwada, an kuma gwadawa. Misalin da ya fi shahara shi ne titin Katy a Hustan, wanda aka kashe kusan dala biliyan 2.8 aka gama faɗaɗa shi a 2008, a wasu wuraren in ka haɗa da titunan gefe layi 26 ne. An ɗan sha iska na 'yan shekaru, amma tsakanin 2011 da 2014 lokacin da tafiya ke ci da safe ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, na yamma ya haura kashi 50. Dalilin ba wani boyayyen abu ba ne, in hanya ta yi sauƙi wanda da yake hawa bas sai ya fito da motarsa, wanda yake jira sai rana ta ɗaga yanzu ya fita da sassafe, masu gina gidaje kuma su je can nesa su yi sabbin unguwanni tunda ga hanya. Masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun bi lissafin biranen Amurka suka fitar da sakamako a 2011 cewa kusan duk yadda ka ƙara tsawon layukan titi haka tafiyar mota ke ƙaruwa. A bakin ruwa ma abin ya fi muni, dan duk layin da ka ƙara ka ƙara wa katangar nan kauri ne, ka ƙara nisanta kwastoma mai ƙafa daga shagon.

Abin mamakin shi ne in aka yi akasin haka ba a cika ganin bala'in da ake tsoro ba. A 1986 mutanen San Faransisko sun kaɗa ƙuri'a suka ƙi yarda a rushe gadar Embarcadero, sai girgizar ƙasar Oktoban 1989 ta lalata ta, dole aka rufe, kuma gari bai tsaya cak ba kamar yadda aka yi ta hasashe. Aka fara rushe ta a 1991, tsohon ginin tashar jiragen fito da gadar ta rufe wa fuska ya dawo kasuwa a 2003, yau yana cikin wuraren da suka fi cika a birnin. Amma fa kar a ɗauki labarin rabi. 'Yan kasuwar unguwar Sinawa sun yi adawa da rushewar sosai, saboda gadar ce ke sauke musu kwastomomi masu mota kusan a bakin ƙofa, sun yi ta kukan cinikinsu ya faɗi bayan rufe ta, kuma magajin garin da ya dage a kan rushewar, Art Agnos, ya faɗi zaɓe a 1991. Birni gaba ɗaya ya ci riba, wata unguwa guda ta biya kuɗin. Wannan shi ne abin da masu hotunan kwamfuta ba sa so a tsaya a kai.

Mu dawo kan fakin. Mai shago in ka tambaye shi yadda kwastomominsa ke zuwa, kusan kullum sai ya ba masu mota kaso fiye da nasu. A wani bincike da aka wallafa a 2021 kan titunan kasuwa biyu a Balin, masu shaguna sun ƙiyasta kusan kashi 22 cikin 100 na masu sayayya da mota suke zuwa, da aka tambayi masu sayayyar kansu sai aka samu kusan kashi 7 ne. An sami irin wannan gibin a Graz ta Ostiriya da Biristol ta Ingila. Ba ƙarya suke yi ba, shi mai shagon da mota yake zuwa, kuma kwastoman da ya sha wahalar neman fakin shi ne zai shigo yana mita da ƙarfi, wanda ya sauka daga bas ya tako da ƙafa ba zai ce komai ba, zai saya ya tafi. Tun 1962 da Kofenhegan ta hana mota shiga titin Strøget 'yan kasuwa suke wannan fargabar, titin kuma har yau yana nan cike da mutane. Sai dai ban yarda da masu ɗaukar wannan lissafin su maka wa kowa ba. Mai sayar da kofi da mai sayar da firji ba ɗaya ba ne. Wanda kayansa ba ya ɗaukuwa a hannu, ko kwastomominsa tsofaffi ne, ko daga wajen gari suke zuwa inda bas ba ya kaiwa, in ya ce cire fakin zai taɓa shi to gaskiya ya faɗa, kuma sau da yawa irinsa ne ke tattarawa ya bar unguwar a maye gurbinsa da wani gidan shan kofi, sai a zo a lissafa a ce ai ciniki ya ƙaru a titin. E ya ƙaru, amma ba a hannun mutanen da aka tarar ba.

Abin da ya kamata a ce an fi ɗaga murya a kai shi ne wurin sauke kaya. Kwastoma zai iya sauya hanya, ya hau jirgin ƙasa ko keke, amma katan ɗin kaya ba ya hawa bas da kansa. Gidan abinci guda sai motoci da yawa su zo masa a yini, mai kayan sanyi daban, mai lemo daban, mai gas, mai kwasar shara, mai wankin tawul, yanzu kuma ga 'yan babur masu kai oda gida da ke cincirindo a bakin ƙofa. Tsofaffin gine-ginen tasha an yi su ne dan kaya su shigo ta ruwa, ba su da lungun baya da mota za ta shiga, to in mai zane ya mayar da gaban shagon dandalin masu ƙafa ya manta da wannan, direban zai tsaya a tsakiyar titi ya kunna fitilar gargaɗi, ya toshe layi guda, a ci shi tara, kamfanin ya ɗora tarar a kan kuɗin kaya, mai shago ya biya. Akwai dabaru, kamar a buɗe wa motocin kaya hanya da asuba kafin masu ƙafa su fito, ko a tara kaya a sito ɗaya a wajen unguwar a dinga shigo da su da ƙananan motoci, har ma a Faris kamfanin Franprix tun 2012 yake shigo da kayan shagunansa ta kogin Sen a jirgin ruwa. Amma kowace dabara da kuɗinta, sauke kaya da asuba na nufin sai ka biya yaron da zai zo ya buɗe ya karɓa, babban kanti zai iya, mai shago ɗaya da shi ne manaja shi ne kashiya ba lallai ba.

Maganar harajin shiga tsakiyar gari ba zan daɗe a kanta ba. Singafo ta fara tun 1975, Landan a Fabrairun 2003 da fam 5 a rana, Niyu Yok sai a Janairun 2025 da dala 9. Istokhom, wadda kusan duk hanyoyin shigarta gadoji ne, ta gwada na wata bakwai a 2006, motocin da ke tsallaka iyakar suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, ya zama na dindindin a 2007, kuma binciken da aka yi bai nuna cinikin shaguna ya faɗi saboda shi ba. A Landan kuwa kantin John Lewis ya yi ƙorafin cinikin reshensa na titin Oxford ya ragu. Wanda ya fi morar harajin nan a zahiri mai motar kaya ne da mai gyaran famfo, wanda lokacinsa kuɗi ne, ya biya sau ɗaya ya yi zuwa biyar maimakon uku. Sharaɗin kawai a ce akwai bas da jirgi masu kyau kafin a saka shi, dan layi guda na mota a cikin gari mai danja da ƙyar yake wuce da mutum dubu ɗaya da 'yan kai a awa, layin bas na musamman kuwa yana ninka wannan sau da yawa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk waɗancan alƙaluma masu daɗi ana ɗaukarsu ne kafin aiki da kuma bayan aiki, tsakiyar fa? Tsakiyar shekara uku ce ko biyar ta shinge da ƙura da ƙarar injin haƙa, an rufe gaban shagonka da allon katako, kwastoma sai ya bi wani siririn lungu kafin ya gano ƙofarka, yau an yanke ruwa gobe an yanke wuta. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da ajiyar da za ta riƙe shi shekara uku, wasu ko wata uku ba za su kai ba, haya kuma ba ta tsayawa, albashin yara ba ya tsayawa, bashin banki ba ya tsayawa. Kuma aikin bakin ruwa kusan bai taɓa ƙarewa a ranar da aka ce ba, saboda ƙasar galibi cikon yashi da ɓaraguzai ce da aka yi shekara ɗari da suka wuce, kana haƙawa ruwa na tasowa, ga bututu da wayoyin da ba sa cikin kowace taswira, ga gubar tsofaffin masana'antu da sai an kwashe. A Siyatil injin haƙa ramin da aka yi wa laƙabi da Bertha ya maƙale a Disambar 2013 bayan ya ɗan yi gaba kaɗan, ya shafe kusan shekara biyu a tsaye, ramin da zai maye gurbin gadar Alaskan Way sai a Fabrairun 2019 aka buɗe shi. A Sidni ta Ostareliya an fara aikin jirgin kan titi a titin George, wanda ke gangarawa har bakin ruwa a Circular Quay, a ƙarshen 2015, aka ce kowane yanki 'yan watanni zai ɗauka, wasu wuraren suka shafe shekaru a cikin shinge, kuɗin aikin ya tashi daga dalar Ostareliya biliyan 1.6 zuwa kusan biliyan 3, layin farko sai Disambar 2019 ya fara aiki, 'yan kasuwa kuma suka haɗu suka maka gwamnatin jihar a kotu. Yau titin George ya yi kyau, ba mai musu. Je ka tambayi shaguna nawa ne daga cikin na 2015 suke nan.

To a ce ka jure, ka ci bashi, ka kai ranar yanke kirtani. Me zai biyo baya? Mai ginin zai zo da sabuwar takardar haya. Duk wani kyau da aka ƙara wa unguwa, ko tashar jirgi ce ko dandali ko bishiyoyi, darajarsa a cikin ƙasa take shiga, ƙasar kuma ba taka ba ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai gini ko shagon ya zauna ba kowa na shekara biyu bai damu sosai ba, ya san in an gama zai ba wani babban kamfani a kan ninki, ɗan haya kuwa shi ya sha ƙurar, in hayarsa ta ƙare daidai lokacin da aka gama aikin to ya yi wa wani gadi ne kawai. A Seul ta Koriya ta Kudu magajin gari Lee Myung-bak ya rushe gadar sama ya tono rafin Cheonggyecheon tsakanin 2003 da 2005, duniya ta yi ta yabo, shi kansa ya zama shugaban ƙasa a 2008. Amma yankin cike yake da dubban ƙananan shagunan kayan aiki da kayan lantarki, aka yi musu alkawarin sabuwar kasuwa mai suna Garden 5 a can kudancin birnin, da aka gama sai kuɗin shagunan ya fi ƙarfin da yawansu, waɗanda suka koma kuma suka tarar ba kwastoma, saboda irin wannan sana'ar da maƙwabta take tafiya, mai walda yana buƙatar mai sayar da ƙarfe a bayansa, in ka raba su ka kashe su duka.

Wasu biranen sun ɗan gane wannan. Siyatil da za ta sake gina katangar tare teku ta biya masu kasuwanci a kan gadojin katakon bakin ruwan diyya ta miliyoyin daloli suka rufe na kusan wata 9 daga ƙarshen 2014, maimakon a bar su a buɗe suna zubar da jini a hankali, sannan a 2019 ta ɗora wa masu gine-ginen da za su amfana wani haraji na musamman na dala miliyan 160. Landan ma tun 2010 take karɓar ƙarin haraji daga manyan wuraren kasuwanci dan biyan wani kaso na layin dogon Crossrail, ta tsame ƙanana. Tunanin daidai ne, wanda darajar kadararsa za ta tashi shi ya kamata ya zuba. Sai dai mai gini da ya iya lissafi yakan tura harajin kan ɗan haya ta cikin yarjejeniya, dan haka in ba a duba takardun haya ba an gudu ne ba a tsira ba.

Wani kuskuren kuma na masu tsarawa ne, a gina unguwa kafin a kawo mata hanya. Canary Wharf ce babban darasi. An kafa hukumar raya tsofaffin tashoshin Landan a 1981, aka buɗe wani ƙaramin jirgin ƙasa a 1987 wanda bai isa ɗaukar ma'aikatan manyan benaye ba, kamfanin Olympia & York ya gina dogon bene ya gama a 1991, kasuwar ofisoshi ta faɗi, bankuna kuma suka ƙi tahowa wajen da ma'aikatansu ba su san ta inda za su iso ba, a 1992 kamfanin ya durƙushe. Sai da layin ƙarƙashin ƙasa na Jubilee ya iso a 1999 wajen ya tashi da gaske, har ya kai sama da mutum dubu 100 ke aiki a ciki. Hambog ta Jamus ta yi ƙoƙarin kauce wa haka a HafenCity, fili mai hekta 157, ta kai layin jirgin U4 a 2012 tun unguwar ba ta gama cika ba. Melbon kuwa ta gina Docklands a bayan filin ƙwallo da layukan dogo da babban titi, dogayen benaye da iska mai kaɗawa tsakaninsu, aka daɗe ana kukan ba kowa a ƙasa, babban lilon kallon gari da aka kafa dan jawo mutane ya buɗe a ƙarshen 2008, bayan kwana 40 aka rufe saboda tsagewar ƙarfe, ya dawo a 2013, ya sake rufewa a 2021.

Sannan wa ake gina wa? In unguwa ta 'yan yawon buɗe ido ce zalla, ciniki sai ƙarshen mako da lokacin zafi, in ta ma'aikatan ofis ce zalla, ƙarfe shida na yamma ta mutu, kuma tun annobar korona da aiki daga gida ya zauna, Litinin da Juma'a ma sun zama rabi-rabi a wurare da yawa. Harborplace ta Baltimo da aka buɗe a 1980 ita ce birane suka yi ta kwaikwaya, kasuwar shaƙatawa a bakin ruwa, amma a hankali ƙananan 'yan kasuwar garin suka fita manyan kamfanoni masu rassa ko'ina suka shiga, mutanen gari suka daina zuwa tunda abin da ke ciki akwai shi a kowane kanti, a 2019 kotu ta karɓe ta daga hannun mai ita ta ba wani riƙo. Wadda ta fi burge ni ita ce unguwar bakin ruwa ta V&A ta Kef Tawun da aka fara a 1988, saboda ba su kori aikin tashar ba, har yanzu jiragen kamun kifi na shiga da fita, ana gyaran jirgi a gefen otal, ga gidaje ga ofisoshi, mutum na da dalilin zuwa ko ranar Talata da safe. Amma ita ma wannan haɗin yana da farashi, wanda ya sayi gida mai tsada a bakin ruwa shi ne na farko da zai kai ƙara a kan ƙarar injin da ƙarnin kifi, kuma in aka biye masa aka kori masu aikin ruwa ba sa dawowa, dan gidan kwana ana iya gina shi ko'ina, wurin gyaran jirgi kuwa sai a bakin ruwa.

Ruwan da ake sayar da kallonsa shi ma yana da nasa lissafin. Guguwar Sandy a Oktoban 2012 ta cika shagunan South Street Seaport na Niyu Yok da ruwa, wasu suka shafe watanni a rufe wasu ba su sake buɗewa ba, kuma shago kullum a hawan ƙasa yake, shi ke fara sha. Hambog da ta rasa mutum sama da 300 a ambaliyar 1962 ta ɗaga tituna da gine-ginen HafenCity a kan tudun da aka cike har ya kai mita 7 da rabi ko fiye sama da matakin teku, abin da za ka iya yi a sabuwar unguwa amma ba a tsohuwa ba. A tsohuwa sai katanga, katanga kuma tana tare kallon ruwan da saboda shi ake biyan hayar mai tsada. Ga inshora da ke hawa duk shekara. Ga ginshiƙan da ke ƙarƙashin gadojin katako da ba mai ganinsu suna ruɓewa, a Melbon a watan Agustan 2019 rana ɗaya aka fitar da mutane daga Central Pier aka kulle saboda injiniyoyi sun ce ba lafiya, gidajen abinci da wuraren biki da ke kai suka wayi gari ba wurin sana'a.

Dan haka in ƙungiyar 'yan kasuwa za ta je taron jin ra'ayi, ni da za su ji tawa da ba su ƙarar da lokacinsu a kan guraben fakin ashirin ba. Su nemi a rubuta musu cewa yanki-yanki za a yi aikin, ba za a buɗe rami na biyu ba sai an rufe na farko, a sa tara a kwangila in ɗan kwangila ya wuce wa'adi kuma wani kaso na tarar ya zo hannun masu shagunan da abin ya shafa, a nuna musu a taswira inda motar kaya za ta tsaya lokacin aiki da bayansa, a ba su mutum guda mai lambar waya wanda yake da ikon sa a matsar da shinge ba wanda zai ce zai isar da saƙo ba, bas ɗin da aka ce zai maye gurbin mota kuma ya fara aiki kafin a rufe layin ba bayan shekara biyu ba. Wanda hayarsa za ta ƙare nan da shekara uku kuwa, kafin ma ya je taron ya fara zama da mai gini, ya nemi ragi na lokacin aikin da ƙarin shekaru a kan farashin da aka yanke tun yanzu, saboda a wannan ɗan tsakanin ne kawai mai gini yake tsoron shagonsa ya zauna ba kowa, ranar da aka sauke shinge wannan tsoron ya tafi.